Hajiya Bilkisu Yusuf: Daga Gidan Sa'adu Zungur Zuwa Mina

    Wadda ke kan tukunya ta ci gaba da tuƙinta, mai ɗinkin hula da mai kitso su ma kada su tsaya, kunne kawai nake roƙo.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata baiwar Allah 'yar Kano, marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jarida kuma shugabar ƙungiyoyin taimakon al'umma. Da yawanmu mun san sunan FOMWAN. Wata a ajinsu ta koyi haɗa baƙi, wata kuwa matansu ne suka yi sallama har tsakar gida suka yi mata bayanin awo da rigakafi. Amma ba kowa ta taɓa tambayar kanta ba: su waɗannan mata, ina suke samun kuɗin da suke wannan aiki? Kuma ta yaya maganar mace ke fita daga ɗaki ta kai teburin gwamna? A cikin rayuwar Hajiya Bilkisu za mu nemi amsa.

Bari mu fara daga Fagge, don a nan ne sunanta ya fara fitowa. Fagge dai zango ce tun asali. A bayan ganuwa take, a nan ayarin Buzaye da sauran fatake ke sauke raƙuma da gishiri da kanwa, su huta, su yi ciniki, su juya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai Turawa suka yanka Sabon Gari a wajejen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka taho daga Kudu. Unguwanni biyu ke nan maƙwabtan juna, duka na baƙi. Shi kuwa baƙo, tunda danginsa na nesa, dole ya nemi 'yan'uwa inda ya sauka. Shi ya sa tun da wuri Sabon Gari ta cika da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya. Kowa ya zuba kuɗin wata, magatakarda ya rubuta a littafi. In wani ya rasu a yi masa hidima, in jarinsa ya karye a tashe shi. Da irin wannan karo-karo ƙungiyar Ibo ta gina makarantu, Yarbawa Musulmi na Ansaruddin su ma suka gina masallaci da makaranta.

A cikin Sabon Garin nan ne kuma, ranar 8 ga Agusta 1950, mutum takwas suka zauna suka kafa jam'iyyar NEPU. Jam'iyya ce ta talakawa, da kuɗin kati da gudummawar teloli da 'yan koli da mahauta take tafiya. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matanta, ta sha ɗauri saboda tara mata da yi musu magana, a zamanin da macen Arewa ba ta da ikon jefa ƙuri'a. Sai a 1976 aka ba mu wannan dama, a zaɓen ƙananan hukumomi.

Kada ki ce abin na maza ne ko na 'yan siyasa. Mu mata mun riga kowa sanin tara kuɗi don manufa. Adashin da kike zubawa wurin uwar adashi, da bikin da kike kai wa ƙawarki ranar suna ki jira ta ninka miki ran naki, ai duk asusu ne, kuma da amana yake tafiya. Tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, 'yan taru kan taso daga ƙauyuka ƙarƙashin jajinsu, su zo ɗaukar karatu riƙe da ɗan abin da ya samu, hatsi ko zuma ko zane, a raba wa marasa lafiya da mabukata. A 1963 kuma aka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna, ta shiga hidimar marayu da makarantu. To kin ga, Hajiya Bilkisu ba a kan tsandauri ta yi shuka ba, ta tarar da gona an yi mata sharar fari.

An haife ta ranar 2 ga Disamba 1952. Ta yi sakandare a makarantar 'yan mata ta Dala a nan Kano, a lokacin da yarinyar da ta wuce firamare a unguwa ana iya ƙirga ta da yatsu. Daga nan ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karanta kimiyyar siyasa, ta wuce Jami'ar Wiskonsin ta Amurka ta yi digiri na biyu, sannan a 1986 ta ƙaro ilimin aikin jarida a Mosko, babban birnin Tarayyar Sobiyat ta wancan lokaci. Daga baya ta halarci Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, inda ake horar da manyan ma'aikata da hafsoshin soja kan yadda ake tsara manufofin gwamnati. Duk wannan karatu bai raba ta da lulluɓinta ba, bai hana ta aure da renon 'ya'ya ba. Ina faɗin haka ne saboda iyayen da har gobe ke tsoron boko zai ɓata musu ɗiya.

A 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa kamfanin jaridar Triumph, aka sa wa gininsa da ke Fagge sunan Malam Sa'adu Zungur. Daga wannan gida aka riƙa buga Albishir ta Hausar boko da Alfijir ta ajami, waɗanda wataƙila kin taɓa gani a hannun maigida ko a naɗe da ƙosai. Gida ne da ya ga tashin hankali, domin a tarzomar watan Yuli 1981 yana cikin wuraren da aka auka wa. Shekara biyu bayan haka, a 1983, aka naɗa Bilkisu editar Sunday Triumph, wato fitowar ranar Lahadi. Shekarunta ba su fi talatin da ɗaya ba.

Ki san fa edita ba ƙaramin mutum ba ne a gidan jarida. Shi ke cewa wannan labari ya shiga, wancan a ajiye. Shi ke kwana a ofis daren da za a buga, shi hukuma ke nema in an rubuta abin da bai yi mata daɗi ba, ga shi kuma a ƙarshen wannan shekara soja suka karɓe mulki. Mace ce ke ba maza umarni a wannan kujera, abin da ba a saba gani ba a Arewa. Ta riƙe ta har 1987, lokacin da ta koma Kaduna ta zama editar New Nigerian, babbar jaridar Arewa. A 1990 ita da abokan aikinta, irin su Malam Mohammed Haruna da Malam Adamu Adamu da Malam Kabiru Yusuf, suka kafa mujallar Citizen. Abin da aikin jarida ya koya mata, wanda ya yi mata rana daga baya, shi ne kada ka faɗi magana sai da hujja, kuma ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Tana cikin wannan aiki ne harkar ƙungiyoyi ta ja ta. A 1982 aka yi wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello kan halin da matan Najeriya ke ciki, wanda daga cikinsa ƙungiyar WIN ta fito, kuma Bilkisu na cikin na farko-farko. Malaman jami'a ne mafi yawansu, masu bincike da rubutu. Amma akwai mata Musulmi masu ilimi da suka ga cewa in ana so maigida ya buɗe ƙofa, malamin unguwa kuma ya sa baki, sai an zo musu da harshen addininsu, an nuna musu haƙƙin da Musulunci ya riga ya ba mace na ilimi da gado da mallakar dukiya da kulawa. A watan Oktoba 1985, a garin Minna, aka kafa FOMWAN, wato Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Najeriya. Hajiya Aisha Lemu ce Amira ta farko, Bilkisu na cikin waɗanda suka aza harsashin, daga baya ita ma ta zama Amira ta ƙasa baki ɗaya. Hikimar da suka yi ita ce ba su rushe ƙananan ƙungiyoyin unguwa da na Islamiyya ba, sai suka yi musu rumfa guda, ta haɗa Bahaushiya da Bayarabiya da Banufiya da Ba'ibira.

Shekara guda da kafa ta, a 1986, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP. Darajar naira ta faɗi, magani ya yi tsada, ta kai mai naƙuda sai an rubuta wa mijinta takarda ya je kemis ya sayo safar hannu da auduga da allura kafin a taɓa ta. Buƙata ta yi yawa, gwamnati ta ja baya. Nan ne maganar kuɗi ta zama babba ga kowace ƙungiya.

To, ina kuɗin ke fitowa? Ƙofa ta farko ita ce aljihun 'ya'yan ƙungiya, kuɗin rajista da na wata-wata. Ba ya da yawa, amma ya fi kowanne albarka, don babu mai gindaya miki sharaɗi a kansa. Ƙofa ta biyu ita ce masu hali na gida: a kira taron ƙaddamar da asusu, a gayyaci attajirai da sarakuna da matan gwamnoni, kowa ya faɗi abin da zai bayar. Duk wadda ta taɓa riƙe irin wannan asusu za ta gaya miki cewa alkawarin da aka yi a lasifika daban, abin da ke shiga hannu daban, sai an yi ta sintiri ana tuni. A nan ne kuma zakka da wakafi suke, kuma jihar Kano ta kafa hukumar Zakka da Hubusi a 2003.

Ƙofa ta uku ita ce gidauniyoyi da hukumomin ƙasashen waje, kamar UNICEF ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da hukumomin raya ƙasashe na Ingila da Amurka, da Gidauniyar MacArthur wadda ta buɗe ofis a Najeriya a 1994. Mutane na zaton kuɗin nan a buhu ake rabawa. Wallahi ba haka ba ne. Sai ƙungiya ta yi rajista da hukuma, tana da amintattu da tsarin mulki a rubuce, tana da asusun banki wanda mutum ɗaya ba ya iya cire ko kwabo sai da sa hannun na biyu. Sannan a zauna a rubuta takardar neman tallafi: ga matsalar, ga yawan waɗanda ta shafa, ga abin da za mu yi wata bayan wata, ga kuɗin mota, ga na takarda, ga na abincin mahalarta. In an dace, ba a ba da kuɗin gaba ɗaya, kashi-kashi ake saki, kuma ba a sakin na gaba sai an kawo rahoto da rasit na wanda ya wuce. A ƙarshen shekara odita ya zo ya bi littafi layi-layi. Wannan aiki na rubutu da lissafi da haƙuri shi ne rabin aikin shugabar ƙungiya, kuma shi ne ba a gani a talabijin.

Kuɗin waje kuwa yana da ƙaya. Na farko, mai ba da shi yana da abin da ya fi so, wanda ba lalle ne ya zama abin da ya fi damun unguwarku ba. Na biyu, yana iya yankewa dare ɗaya. Mun ga haka a 2025, da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyukan lafiya da dama a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka suka tsaya cik. Hausawa suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wanda ya dogara da tuwon maƙwabta wata rana da yunwa zai kwana. Na uku shi ne zargi. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a Asibitin Zana ba a lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan. Yara kimanin 200 ne gwajin ya shafa, 11 suka rasu, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo na cikin dalilan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba a dawo da shi ba sai a 2004.

A irin wannan yanayi, wa zai shiga gida a yarda da shi? Namiji dai iyakarsa zaure. Baƙuwa mai jakar magani kuma ana iya rufe mata ƙofa. Amma malamar Islamiyyar da kika sani, wadda kuke haɗuwa wurin tafsiri, in ta ce miki ita ma ta ba nata 'ya'yan, sai hankalinki ya kwanta. Matan FOMWAN na cikin waɗanda suka yi wannan zirga-zirga gida-gida, tare da sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya, har Allah Ya sa a watan Agusta 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar shan inna ta kau daga nahiyar Afirka. Jarin ƙungiya na gaskiya shi ne yardar da jama'a suka yi mata, kuma in ta zube ba a kwashe ta da kuɗi.

Yanzu mu zo kan tambaya ta biyu, wato yadda magana ke kai wa ga masu mulki. Hajiya Bilkisu ta shugabanci wata ƙungiya mai suna AdvocacyNigeria, wadda ta sa gaba wajen rage mutuwar mata a wurin haihuwa, tana kuma cikin waɗanda suka kafa HERFON, gidauniyar neman gyaran harkar lafiya a Najeriya. A nan ne bincike ya shigo. Kowaccenmu ta san wata da ta tafi haihuwa ba ta dawo ba. Mukan yi kuka, mu ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma in kika je gaban kwamishina da kuka kawai, zai ba ki haƙuri ya raka ki bakin ƙofa. In kika je da ƙididdiga, dole ya zauna.

Ga irin ƙididdigar. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a 2008 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, mata 545 ke rasuwa. Na 2013 ya ce 576, na 2018 ya ce 512. Shi na 2018 ɗin ya kuma nuna cewa a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma, fiye da mata 8 cikin 10 a gida suke haihuwa. Masu bincike sun bi sawun waɗannan mace-mace, suka gano jinkiri iri uku. Akwai jinkirin gida: naƙuda ta yi tsawo, ana ta jiƙe-jiƙe da tofi, maigida ya tafi kasuwa ko ci-rani, babu mai ikon cewa a fita. Akwai jinkirin hanya: babu mota, babu kuɗin mota, ko dare ya yi. Akwai jinkirin asibiti: an isa, amma babu likita, babu jini, babu wuta. Abubuwan da suka fi kisa kuwa sanannu ne, zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda wadda in ba ta kashe ba takan bar mace da yoyon fitsari.

Bari in ba ki misali ɗaya na abin da bincike ke iya yi, a nan jiharmu. A 2008 wasu likitoci da masu bincike, da tallafin Gidauniyar MacArthur, suka shigar da wata allura mai araha ta maganin jijjiga a asibitoci 10 na jihar Kano, suka horar da ma'aikata yadda ake ba da ita, suka riƙa rubuta sakamako. Kafin nan, a cikin mata 100 da jijjiga ta kama, kimanin 21 ke rasuwa. Bayan an fara, sai adadin ya dawo kimanin 2. Da gwamnati ta ga alƙaluman a rubuce, sai ta karɓi sayen maganin da kanta. Kin ga yadda abin ke tafiya: a gwada a ƙaramin wuri, a rubuta, a kai wa mai iko, shi kuma ya mai da shi tsari na kowa.

Irin wannan hujja su Hajiya Bilkisu ke ɗauka su shiga da ita fadar sarki da majalisar dokoki da zauren malamai. Sukan tuna wa gwamnati alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a watan Afrilu 2001, cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta ga lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Sukan bi kasafin su ga nawa aka rubuta, nawa aka saki, nawa ya isa ɗakin haihuwa, don sau da yawa a tsakanin takarda da gadon asibiti kuɗin ke ɓacewa. Ita kuma tana da makamin da sauran ba su da shi, wato alƙalami. Shekara da shekaru tana da shafi a jaridar Daily Trust inda take bin diddigin ayyukan ƙungiyoyi da alkawuran hukuma.

Babbar gwagwarmayar da HERFON da ƙawayenta suka yi ita ce ta Dokar Lafiya ta Ƙasa. Kusan shekara goma ana kai gwauro ana kai mari. Majalisa ta amince da ƙudirin a 2011, shugaban ƙasa bai sa hannu ba, aka koma aka sake sabon lale. Sai a 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, wato ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye. Ta kuma hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Ki riƙe wannan da kyau, uwargida, haƙƙinki ne a doka. Kuɗin kuwa ba su shiga kasafi ba sai a 2018, lokacin Hajiya Bilkisu ta shekara uku a ƙasa. Haka aikin yake, wani ya dasa, wani ya sha inuwa.

Ba ta tsaya kan Musulmi kaɗai ba. Tana da hannu a haɗakar shugabannin addinai ta yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wadda Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Babban Limamin Katolika John Onaiyekan suka jagoranta. Mu da muka san Fagge da Sabon Gari ba ma buƙatar dogon bayani. Sauron da ya ƙyanƙyashe a kwatar wannan unguwa shi ke cin abincin dare a waccan, ba ya tambayar masallaci ko coci. Da aka sace 'yan matan makarantar Chibok a watan Afrilu 2014, tana cikin matan da suka fito suna neman a dawo da su.

A 2015 ta tafi aikin Hajji cikin masu hidimar alhazan Najeriya mata. Ranar Alhamis 24 ga Satumba, ranar Babbar Salla, aka yi turmutsutsu a Mina a hanyar zuwa jifan Shaiɗan. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 suka rasu, amma da aka haɗa alƙaluman da ƙasashe suka bayar, adadin ya haura 2,000. Hajiya Bilkisu na cikinsu, tana da shekara 62. Farfesa Tijjani El-Miskin shi ma a nan ya cika, tare da ɗaruruwan 'yan Najeriya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta rasu cikin ibada, tana kuma hidimar mata 'yan'uwanta, aikin da ta yi rayuwarta a kai.

To, 'yar'uwa, ke da ke cikin gida, mene ne rabonki a wannan tarihi? Ba sai kin je Amurka ko Mosko ba. Ƙungiyarku ta Islamiyya ko ta adashi, ku sama mata littafi. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban kowa duk wata. Kada mai riƙe kuɗi ta zama ita ce mai riƙe littafi, ko da kuwa waliyyiya ce, don tsare ta daga zargi ne. A cikin zubin, ku ware wani abu komai ƙanƙantarsa ya zama asusun naƙuda, wadda ta shiga matsala da tsakar dare a ɗauka a biya mota da ledar jini, ta biya daga baya. Ku san mai mota ko mai adaidaita sahu ɗaya a layinku da za a iya tasa ko ƙarfe nawa ne.

In kina da juna biyu, ki zauna da maigida tun ciki na ƙarami, cikin ladabi da lallashi, ki nemi izinin awo, ki kuma roƙe shi ya bar sallahu wurin uwarsa ko ƙaninsa cewa in abu ya taso ba ya nan, a wuce da ke asibiti ba sai an jira shi ba. Wannan kalma guda ta isa ta kawar da jinkirin farko. Maigida, na san kana jin mu daga zaure, Allah Ya ƙara arziki, amana ce a hannunka. In kuma mata masu wayar da kai suka yi sallama, ki tarbe su, amma ki yi tambaya: daga wace ƙungiya, wa ya aiko ku, mai unguwa ya sani? Mai gaskiya ba ta jin haushin tambaya.

Ɗiyarki kuma da ke zaune kusa da ke tana tsince shinkafa, ki dube ta da kyau. Yarinyar da ta fito daga makarantar Dala ta riƙe jarida a Fagge, ta tsaya gaban sarakuna da 'yan majalisa da takarda a hannu tana nema wa masu naƙuda haƙƙinsu, ita ma wata uwa ce ta tashe ta da asuba ta ɗaura mata ɗankwali ta ce tafi makaranta.

Allah Ya jiƙan Hajiya Bilkisu Yusuf, Ya sa Aljanna ce makomarta, da ita da dukkan waɗanda suka rasu a Mina, da iyayenmu da 'yan'uwanmu da suka tafi a kan gwiwa. Masu ciki Allah Ya raba lafiya. A nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.